Koren Buzuzun Mawaƙiya

A unguwar masu sana'a da ke bayan katangar haikalin Amun, a nan birnin Waset, an yi wani mutum mai suna Hormosi. Gajere ne, mai ɗan doro saboda yawan sunkuyo, kullum girarsa fara fat da garin dutse. Sassaƙa buzuzu ce sana'arsa. Ita ya tarar ubansa yana yi, ita ya yi har hannunsa ya gaza.

Yawancin abin da ke fita daga hannunsa ƙanana ne, ba su wuce ƙwallon dabino ba. Da dutse mai taushi yake yin su, ya fitar da kai da fukafukai da ƙafafu shida, ya huda tsakiya, ya shafa musu ruwan shuɗi, ya gasa a tanderu. Uwaye su rataya wa jarirai, 'yan kasuwa su sa a zobe suna buga hatimi a bakin tulu, matuƙan jirgi su ɗaura a damtse. Amma aikin da ya yi masa suna shi ne buzuzun zuciya, wanda ake ɗora wa mamaci a ƙirji kafin a naɗe shi. Da koren dutse mai tauri ake yin sa, wanda tagulla ba ta cin sa sai an haɗa da yashi da ruwa, guda ɗaya yakan ci wata. A cikinsa ake rubuta sunan mai shi, da roƙon da ake yi wa zuciya cewa in an je gaban ma'auni a lahira ta kama bakinta, kada ta tona asirin mai ita a jefa shi ga Mai-haɗiya, dodon da ke haɗiye masu laifi.

Hormosi bai iya karatu ba. Magatakarda ke zana masa rubutun a tsingaro, shi kuma ya kwafa. Ya san alamomin kamar yadda makiyayi ya san dabbobinsa: ga tsuntsu, ga ƙafa, ga ruwa, ga ido.

Matsoraci ne, shi kansa bai taɓa musu ba. Yana tsoron kare, yana tsoron ruwa, yana tsoron duk wanda ya riƙe sanda ko da makaho ne. Matarsa Henuti, doguwa mai babbar murya, takan ce in dinya ta yi wa mijinta tsawa sai ya tsaya ya ba ta haƙuri. 'Ya'yansu biyu mata ne, duk sun yi aure can arewa, gidan ya rage su biyu.

Yana da kusan shekara arba'in wata mawaƙiyar haikali mai suna Mutemhab ta zo masa da kanta. Ba a saba ganin haka ba, domin dangi ne ke sa a yi buzuzun zuciya bayan mutum ya cika. Ta zauna a kan tabarmarsa ba ta damu da garin dutse ba, tana tari a cikin ƙyalle tana naɗewa.

"Nawa na kaina nake so ka yi," in ji ta. "Ba na son a bar wa 'ya'yana, su kai wa mai araha."

"Ranki ya daɗe, ai da sauran kwana."

"Ba saura. Ka ga ƙyallen nan ai." Ta dube shi. "Ka zurfafa rubutun, ka ji? Kada ka yi shi sama-sama. Akwai abin da zuciyar nan ta sani, in ta buɗe baki na shiga uku."

Bai tambaye ta mene ne ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya yi aikin kwana arba'in, ya zurfafa kowace alama. Sunanta alama uku ne manya: ungulu, mujiya, da kwanon biki. Ranar da ta dawo dubawa, tari ya sarƙe ta yana tsakar gyara ƙafar baya ta hagu, ya firgita, hannunsa ya zame, ya ɗan ɓantare gefen ƙafar. Ya goge wurin har ba mai ganewa sai shi. Kafin Kogi ya sake cika aka ƙetarar da ita hayin yamma, aka rufe ta a kabarin danginta.

Shekara goma sha biyu bayan haka aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira shekarar kuraye. Kogi ya ƙi cika sau biyu a jere. Rumbuna suka ƙafe, kuraye suka riƙa shigowa gari suna jan awaki da rana. Mutanen hayin yamma, da masu haƙa kabari da masu gadinsa, suka fara shiga wurin matattu. Kowa ya sani. Za ka ga matar da ba ta da zanen kirki ta kawo zinariya kasuwa tana neman sha'ir, ba mai tambayar ta inda ta samo.

A cikin wannan hali ne Sedi ya zo. Ƙanin Henuti ne, mai fito, ɗan ba'a wanda ba ya ganin Hormosi bai tsokane shi ba. Ya shigo da rana tsaka da rabin buhun sha'ir a kafaɗa, ya sauke.

"Sarkin buzuzu, rufe ƙofa."

"Da rana tsaka? Me maƙwabta za su ce?"

"Su ce kana tsoron ƙuda. Sun saba."

Hormosi ya rufe. Sedi ya zaro wani tsumma daga ƙugunsa ya warware. Wari ne ya fara isowa, warin ƙaro da kanwa, irin na gidan gyaran gawa. Koren buzuzu ne, baƙin ƙaro ya manne a bayansa, har da zare-zaren likkafani. Hormosi ya karɓa ba don yana so ba. Babban yatsansa ya tafi da kansa kan ƙafar baya ta hagu, ya ji wurin da ya ɓantare. Ya juya cikin. Ungulu, mujiya, kwano.

Ya zauna a ƙasa.

"Ina ka samo wannan?"

"A cikin kifi."

"Sedi."

"Ni fito kawai nake yi, Yaya. Na ƙetarar da mutane, na dawo da su, suka ba ni rabona. Ban shiga rami ba, ban taɓa kowa ba. Akwai ɗan kasuwar da zai gangara arewa nan da kwana goma, ya ce zai saya, amma ba ya son mai suna. Goge sunan kawai za ka yi. Aikin yini biyu."

"Na Mutemhab ne, ni na yi mata shi shekara goma sha biyu da suka wuce. In na goge, zuciyarta ba za ta san da wa ake ba."

"Matar da ta shekara goma sha biyu a can? In awo ne ai an gama tuni."

"Wa ya gaya maka an gama? Ka je ka gano?"

Sedi ya daina murmushi. Ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya. "Ka saurare ni. Mutanen da na ƙetarar sun san nan na kawo. Wanda ya gani ya ƙi taɓawa, ba sa barin sa yana yawo da baki. Ka ji labarin maginin da aka tsinta a ciyawar bakin Kogi makon jiya? Ba kada ba ne ya kama shi."

Henuti na bakin ƙofar madafa, ta ji komai. Ta zo ta tsaya a kan ƙaninta. "Kai dai tun kana ciki kake ba uwarmu wahala. Duk masassaƙan garin nan ba ka ga gidan da za ka kawo wa mutuwa ba sai nawa?"

"Wa zan yarda da shi in ba ku ba?"

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, ta fasa. Ta dubi buhun sha'ir. Kwana uku ke nan ba su ci komai ba sai dafaffiyar saiwar ciyawar ruwa. Ta ja buhun ta shiga da shi madafa.

Hormosi ya ɗauki dutsen gogi sau uku a yinin nan, sau uku yana ajiyewa. Da ya kusantar da shi ga ungulun sai ya ga matar zaune a tabarma tana naɗe ƙyalle. Da yamma ya tuna akwai wani koren buzuzu a ƙasan kwandonsa, wanda ya fara tun kafin yunwa, masu shi suka watse ba su dawo ba. An fitar da bayansa, saura ƙafafu da rubutu. Aikin kwana ashirin ne. Ya yi shi a kwana tara. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana murza yashi, fatar yatsunsa ta saɓule, Henuti ta naɗe masa da tsumma ya ci gaba. Ya kwafi roƙon daga na Mutemhab alama bayan alama, ya bar gurbin suna fili, ya ɗan shafa masa ƙaro da toka.

Sedi ya zo ya juya shi a hannu.

"Kamar ba a taɓa rubuta komai ba," in ji Sedi. "Tsoro dai bai hana ka iya aiki ba, Yaya." Ya soke a ƙugu ya fita yana fito da baki.

To, sai ga shi abin da ya rage a gidan ya fi na da haɗari. Kayan kabari ne mai suna, wanda duk aka kama da shi hukuncinsa tsirewa a kan itace.

"Ka kai shi Kogi," in ji Henuti. "Ka jefa a tsakiya, mu huta."

Washegari da hantsi ya tafi. Ya bi gaɓa har ya wuce masu wanki, ya kai inda ba kowa. Ya zaro dutsen, ya ɗaga hannu. A kan yashin da ke tsakiyar ruwa wani abu da ya zaci gungume ne ya motsa. Kada ne, ƙato, ya juyo da kai ya wangale baki yana fuskantar sa, ya tsaya haka. Kan Mai-haɗiya ai kan kada ne. Hormosi ya ji kamar an ce masa, miƙo ta nan. Ya mayar da dutsen cikin zane, ya juya, bai san lokacin da ya iso gida ba.

"Ka jefa?"

"Kada na gani."

"Kogi ka je. Me kake so ka gani, jaki?"

"Ba zan iya ba, Henuti. Ta ce in zurfafa. Ni na yi mata alkawari."

Ta miƙa masa hannu. Sannan ta karɓi dutsen. A bangon ɗakinsu akwai alkuki inda suke ajiye wa marigayi mahaifinsa gurasa da ruwa. Ta gasa gurasa mai kauri, ta ƙwaƙule cikinta, ta tura buzuzun, ta liƙe, ta ɗora a wurin. Duk bayan kwana uku sai ta gasa sabuwa, su cinye tsohuwar.

Wata huɗu suka yi haka. Hormosi ya rame har haƙarƙarinsa suka fito, ba don yunwa kaɗai ba. Matar maƙwabcinsa ta kamu da tari, duk lokacin da ya jiyo shi ta bango sai tsinken aiki ya faɗi daga hannunsa. Ya daina zuwa wurin wanzami don kada a ja shi da hira. In yana aiki ba ya juya wa alkukin baya, kuma ba ya iya kallon sa. Wata rana buzuzu mai rai ya shigo tsakar gida yana mirgina ƙwallonsa, ya doshi ƙofar ɗakin kai tsaye, Hormosi ya tsaya kamar an dasa shi har sai da Henuti ta share shi waje da tsintsiya.

Sai aka ji waziri ya kafa bincike. An kama masu gadi, an kama maƙera, an kama masu fito. A rana ta shida aka kama Sedi.

'Yan doka huɗu suka zo gidan da safe. Suka zazzage kwanduna, suka fasa tuluna, suka tona ƙasan tanderu, suka soki rufin ɗaki da sanda. Shugabansu, wani mai tabo a haɓa, ya kwashe gurasa ukun da ke kan faifai ya raba wa yaransa, don su ma yunwar ba ta bar su ba. Sannan idonsa ya kai kan alkuki. Ya taka ya miƙa hannu.

"Ta mahaifin maigida ce," in ji Henuti, muryarta ko rawa ba ta yi. "In za ka ci, ka gaya masa sunanka tukuna, don ya san wanda zai bi. Mutum ne mai riƙo tun yana da rai."

Hannun ya tsaya a sama. Ɗaya daga cikin yaran ya yi dariya. Mai tabon ya janye hannunsa ya goge a zane kamar ya taɓa ƙazanta. Suka ɗaure Hormosi da igiya suka tasa shi gaba.

A farfajiyar haikali ake zaman. Waziri na kan kujera a inuwa, magatakarda na zaune a ƙasa, waɗanda aka kama na jere a rana. Hormosi bai gane Sedi ba da farko. Fuskarsa ta kumbura, ƙafafunsa ba sa taka ƙasa, mutum biyu ke riƙe da shi. A kan tabarma gaban waziri an baza kayan da aka ƙwato daga jirgin ɗan kasuwar nan, a cikinsu har da buzuzun da Hormosi ya yi a kwana tara.

"Mai fiton nan ya ce ya kawo maka wannan daga kabari, ka goge sunan da ke jiki," in ji waziri. "Haka ne?"

Hormosi ya durƙusa. Da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, dutsen nan bai taɓa ɗaukar suna ba. Sabo ne. A kira wanda ya san dutse ya duba."

Aka kira Pakamen, tsohon shugaban masu gyaran gawa, wanda ɗaruruwan buzuzun zuciya suka bi ta hannunsa. Ya karkata dutsen ga rana, ya shafa, ya sansana, ya kankare ƙaron da farce.

"Ba a goge komai a nan ba," in ji shi. "Wurin bai lotsa ba. Ƙaron ma a sama yake, bai shiga ba. Wannan bai taɓa kwana a ƙirjin kowa ba."

Waziri ya juya ga Hormosi. "To wanda aka kawo maka mai suna yana ina?"

"Ba a kawo mini komai ba. Sedi ya ce in yi masa sabo, na yi."

Aka sa shi ya rantse da Amun da ran Fir'auna. Ya rantse, yana jin kowace kalma tana sauka a ƙirjinsa kamar tsakuwa. Sannan aka kwantar da shi. Sanda a tafin ƙafa, sanda a hannu. Ya yi kuka, ya yi fitsari a zanensa, ya kira uwarsa da ta mutu tun yana yaro. A bugu na goma sha wani abu ya ji ƙashin yatsunsa na dama ya ba da ƙara. Duk da haka abu ɗaya yake maimaitawa: ba a kawo mini komai ba. Ba jarunta ba ce. Ya san in ya faɗi gaskiya za a koma kan alkukin nan, kuma Henuti ce ta gasa gurasar.

Sedi na kallon sa da ido ɗayan da ke buɗe. Ya dubi dutsen da ke kan tabarma, ya sake duban mijin yayarsa, aka ga alamar ya gane abin da aka yi masa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, muryarsa a dishe, "ku bar shi. Duka ne ya sa na ambaci sunansa. Ku dube shi mana. Wannan ko gawar ɓera ya gani sai ya suma, shi ne zai taɓa kayan kabari?"

Aka saki Hormosi da yamma. Sedi kuwa aka yanke masa hanci da kunnuwa, aka tura shi haƙar zinariya a ƙasar Kush. Ba a sake jin labarinsa ba.

Wata biyu Hormosi bai taka ƙasa ba. Yatsu uku na hannun damansa suka warke a lanƙwashe. Yana kwance ya ji an ce an tattaro gawarwakin da ɓarayi suka wulaƙanta, an kai su gidan gyaran gawa a hayin yamma, Pakamen na sake naɗe su. Ranar da ya iya dogara sanda ya ce wa Henuti ta gasa sabuwar gurasa.

"Ka haukace? Da ƙyar ka fito da ranka."

"In an naɗe ta babu shi, shi ke nan."

"To ni zan kai."

"Ba ki san ta ba."

Mutumin da ke tsoron ruwa ya shiga kwalekwale da gurasa a kwando. Wani ɗan doka na zaune kusa da shi har suka ƙetare, yana ta ba shi labarin ciwon haƙorinsa. Hormosi na cewa sannu, sannu, gumi na bin bayansa.

Ya sami Pakamen a tsakar gidan, ƙarƙashin rumfa, yana yayyage tsohon lilin. Ya gaishe shi, ya miƙa masa gurasar. Tsohon ya ji nauyinta, ya dube shi, ya ɓara ta. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki.

"Ni na ɗora mata wannan," in ji shi. "Tun a farfajiya na san akwai na biyu. Ba mai shafa wa sabon dutse ƙaro sai in akwai tsohon da yake kwaikwayo."

"Baba, ka mayar mata."

"Wa?"

Hormosi bai gane tambayar ba. Pakamen ya tashi ya ce ya biyo shi. Suka shiga wani dogon ɗaki mai tagogi a sama, rana na shigowa tar. A kan dakalai na dutse an jera mutane bakwai, an lulluɓe su da tabarmi.

"Daga kabarin danginta aka kwaso su," in ji tsohon. "Ɓarayin sun ƙona akwatunan don su narke zinariyar jiki. Sunaye duk sun tafi. Uku maza ne. Huɗun nan mata. Na gyara mutum sama da dubu, ɗana, ba zan ce maka na tuna fuskarta ba. Kai ka gan ta da rai. Duba."

Ya fara yaye tabarmin.

Hormosi ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Ta farko ba ta da muƙamuƙi. Ta biyu fuskarta baƙa ƙirin kamar busasshiyar fata, leɓunanta sun ja baya, ƙirjinta a fashe inda aka zura hannu. Ta uku wuta ta cinye rabin kanta. Ta huɗu gashinta na nan a kitse, kamar jiya aka yi shi. Ya rufe ido yana neman matar da ta zauna a tabarmarsa. Ya tuna tana da wushirya, ya gani lokacin da take tari. Ya buɗe ido ya sunkuya, ya duba haƙoran ta biyu. Akwai. Numfashinsa ya fara dawowa. Sai ya duba ta huɗu. Ita ma akwai.

"Dangi ne," in ji Pakamen. "Wataƙila uwa da 'ya, ko ya da ƙanwa."

"In na ɗora wa wadda ba ita ba fa?"

"Sai zuciyar waccan ta ji ana kiran sunan da ba nata ba. Ita kuma taka ta tafi haka."

"Ba wata alama? Tana tari. Tana tofar da jini."

"Huhun yana cikin tulu, tulunan sun farfashe."

Ya yi ta kai da komo tsakanin dakalan biyu har inuwa ta gusa daga wannan bango zuwa wancan. Pakamen bai hanzarta shi ba. A ƙarshe ya nuna ɗaya da lanƙwasasshen yatsansa. Tsohon ya saka dutsen a cikin ƙirjin, ya ɗora ƙyalle, ya fara naɗi yana karanta abin da ake karantawa. Hormosi ya fita waje ya yi amai a gindin bango.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Bai sake taɓa koren dutse ba, hannun ba zai iya ba. Ya koma yin ƙananan buzuzu na yumɓu, yana danna su a mazubi da hannun hagu, Henuti na kai wa kasuwa. Yunwa ta wuce, Kogi ya dawo da cikarsa, mutane suka daina zancen binciken. Shi kuwa abu biyu ba su bar shi ba: rantsuwar da ya yi a farfajiya, da ɗakin nan mai tagogi a sama. Yakan tsaya yana cikin cin abinci, ya ce, "Ta huɗun ta fi ta tsawo, ko?" Henuti ta ce, "Ban gan su ba, maigida. Ci abincinka."

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi a lokacin girbi. Henuti ta rayu har ta makance, kuma sai da duk waɗanda abin ya shafa suka ƙare sannan ta fara ba da labarin, tana zaune a ƙofar gida mata na tsince mata sha'ir. Wata rana wata daga cikinsu ta tambaye ta wacce ya zaɓa a cikin biyun.

"Bai taɓa gaya mini ba," in ji ta. "Na tambaye shi sau ɗaya, ya kwana biyu bai ci abinci ba. Sai na bari."